"Bincike ya nuna": yadda masana halayyar ɗan Adam ke gano abin da suke faɗa, da iyakar kowace hanya

A 'yan shekarun nan mutanen arewacin Togo sun saba ganin baƙi ɗauke da takardu ko ƙaramar kwamfutar hannu, suna bi gida-gida da tambayoyi. Kina samun barci? Sau nawa gabanka ya faɗi cikin makonni biyun da suka wuce? Tun da aka sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022, kuma dubban mutane suka baro ƙauyukan bakin iyaka da Burkina Faso zuwa garuruwa irin su Dapaong, damuwa da firgici sun shiga jerin abubuwan da masu agaji ke aunawa, kusa da abinci da matsuguni. A Sokode da sauran birane kuwa, shirye-shiryen koyar da sana'a ga mata da matasa sukan zo da alkawarin sauya tunanin mutum.

Bayan 'yan watanni sai rahoto ya fito da kalmomin nan da kowa ya sani: "bincike ya nuna". A kan irin waɗannan rahotanni ake raba kuɗi, a buɗe shiri a wannan gari a rufe a wancan. Saboda haka ya kamata wanda aka yi wa tambayoyin ya san yadda aikin yake tafiya.

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake kira psychologie da Faransanci, yana nazarin tunani, ji da ɗabi'ar mutum. An fi ƙirga farkonsa a matsayin kimiyya daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. Wahalarsa a fili take: ba a iya ɗora tsoro a kan sikeli, ba a auna haƙuri da mudu. Don haka masana suka samar da hanyoyi kaɗan, kowacce kuma tambaya iri ɗaya take iya amsawa. Yawancin ruɗani yana zuwa ne idan aka ɗora wa wata hanya kayan da ba nata ba.

Gwaji da ƙuri'a: abin da aka yi a Lome

Idan ana son a san ko wani abu ne ya haddasa wani, babu hanyar da ta kai gwaji da ƙuri'a ƙarfi. Ɗaya daga cikin misalanta da suka yi suna a duniya a Togo aka yi shi. Masu bincike na Bankin Duniya, tare da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese na jami'ar Leuphana a Jamus, sun ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 a Lome, maza da mata, suka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a, kowane rukuni mutum 500.

Rukuni na farko ya samu horon kasuwanci irin wanda aka saba: riƙe lissafi, talla, tafiyar da ma'aikata. Na biyu ya samu horon da aka gina a kan ilimin halayya, wanda ke koya wa mutum ya fara abu ba tare da ya jira an ce masa ba, ya hango matsala tun ba ta zo ba, ya nemi wata hanya idan ta farko ta toshe. Na uku ba a ba shi horo ba. An yi darussan cikin sa'o'i 36 a watan Afrilun 2014, sannan mai horaswa ya riƙa ziyartar kowa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Aka kuma koma wurinsu da tambayoyi sau huɗu cikin fiye da shekara biyu.

Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2017. Ribar waɗanda suka samu horon halayya ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a horar ba. Ta masu horon kasuwanci ta ƙaru da kashi 11, amma lissafi bai iya tabbatar da cewa wannan ƙarin ba dace ba ne kawai.

Ƙarfin wannan hanya yana cikin ƙuri'ar. Da an bar kowa ya zaɓi inda zai shiga, masu himma ne za su cika ajin, kuma in ribarsu ta ƙaru ba wanda zai san ko horon ne ya yi aiki ko himmar da suka zo da ita. Ƙuri'a ba ta san mai himma ba, ba ta san malalaci ba, ba ta san wanda ɗan'uwansa ke aiko masa da kuɗi daga Jamus ba. Takan watsa su kusan daidai cikin rukunan uku. Rukunin da ba a horar ba shi ne madubi: yana nuna abin da zai faru ko da ba a yi komai ba, kasuwa ta buɗe ko ta rufe. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, amma gwajin ma sai da abin kwatance.

Lome ba Sokode ba ce

Rauninta kuma shi ne sakamakon yana da gida. Mutanen nan 1,500 mazauna babban birni ne mai tashar jiragen ruwa da babbar kasuwa. Su da kansu suka ji sanarwa suka nemi shiga, kuma babu manomi a cikinsu. Gwajin bai ce komai ba game da mai noman waken soya a karkarar Tchaoudjo, ko dillalin dabbobi a Cinkassé, ko matar da ta bar gonarta a Kpendjal tana soya ƙosai a bakin titi a Dapaong.

An gwada irin wannan horo a wasu ƙasashe, kuma labarin ya bambanta. A Jamaica an ga amfani a watannin farko, musamman ga maza, amma bayan shekara guda ya ɓace. A Habasha, inda aka horar da mata 'yan kasuwa, ba a ga ƙarin riba ba, kuma masu binciken sun lura cewa ingancin mai koyarwa yana da tasiri, musamman ko shi kansa ya taɓa riƙe sana'a.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwar karkararmu a Nijar aka yi shi, a ƙauyuka fiye da 300 na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dosso da Tillaberi, aka kuma wallafa shi a mujallar Nature a 2022. Mata masu ƙaramin ƙarfi da ke karɓar tallafin gwamnati ne suka shiga. Ban da adashin ƙungiya da horon sana'a, wasu ƙauyuka sun samu jarin jika 80 na sefa ga kowace mace, wasu sun samu darussan dabarun rayuwa da majigin da aka nuna wa gari duka don a tattauna buri da al'ada, wasu sun samu duka biyun. Dukansu sun ci gaba fiye da ƙauyukan kwatance, amma idan aka duba abin da aka kashe da abin da aka samu, shirye-shiryen da ke da ɓangaren halayya ne suka fi riba. A nan ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, ba mutum ɗai-ɗai ba, domin ba yadda za a nuna majigi a dandali a hana maƙwabciya kallo.

Akwai kuma abin da gwaji ba ya iya taɓawa sam. Ba mai hankalin da zai raba yara da ƙuri'a, ya kori rabinsu daga gida don ya ga abin da gudun hijira ke yi wa zuciya. Irin waɗannan tambayoyi sai wasu hanyoyin.

Takardar tambayoyi

Ita ce hanyar da mutanen Dapaong suka fi haɗuwa da ita, wadda ake kira enquête. Tana da sauri, ba ta da tsada sosai, kuma tana iya faɗin yawan abu: mutum nawa cikin ɗari ne ba sa samun barci, mata ne suka fi ko maza. Takardun da aka fi amfani da su sanannu ne. PHQ-9 tambayoyi tara ce kan ciwon damuwa cikin makonni biyun da suka wuce, kuma a Amurka aka tsara ta. SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, tambayoyi 20 masu amsar i ko a'a, har da ciwon kai da rashin cin abinci.

Matsala ta farko ita ce wa aka tambaya. Mai sayen hatsi ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa. Idan aka tambayi waɗanda suka zo asibiti kawai, ko waɗanda gidajensu ke bakin kwalta, bakin buhun aka gani. Hausawa sun taɓa ɗanɗana wannan. A 1966 Robert LeVine ya wallafa nazarin da ya tattara mafarkan ɗaliban sakandare maza a Najeriya, ya auna yawan burin cin nasara a cikinsu, ya jera Ibo a sama, Yarbawa a tsakiya, Hausawa a ƙasa. Amma yaran Hausawa da ke sakandaren boko a farkon shekarun 1960 'yan ƙalilan ne. Fataken da suka bi hanyar goro har Gwanja suka kafa zanguna a Sansanne-Mango da Sokode ba wanda ya tambayi mafarkinsu.

Ta biyu ita ce harshe. Tambaya takan taso daga Ingilishi zuwa Faransanci a rubuce, sannan mai tambaya ya juya ta da baki zuwa Moba, Tem, Fulatanci ko Hausa, kowa yadda ya ga ya dace. A Hausa kaɗai akwai damuwa, baƙin ciki, ɓacin rai, zullumi da fargaba, kuma ba abu ɗaya ba ne. Masu aiki da kyau sukan sa wani daban ya mayar da fassarar zuwa harshen asali don a ga abin da ya zube a hanya. A Zimbabwe sun wuce nan: sun gina takardarsu daga kalmomin da marasa lafiya ke amfani da su a harshen Shona, irin su kufungisisa, wato yawan tunani. Da ita aka auna shirin likita Dixon Chibanda na sauraren masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, wanda gwajinsa ya fito a 2016.

Ta uku ita ce amsar kanta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da ake tambaya gaban uwar mijinta ko ta taɓa jin rayuwa ta ishe ta, "alhamdu lillahi" za ta ce. Wani kuma, in ya zaci sunansa zai shiga jerin masu karɓar tallafi, sai ya ƙara wa wahalarsa gishiri. Duka biyun ba mugun nufi ba ne, amma suna karkata lissafi.

Shirin Novissi ya ba da darasi a kan wannan. Gwamnatin Togo ta fara shi a Afrilun 2020 don aika kuɗi ta waya lokacin annobar korona, daga baya aka faɗaɗa shi tare da ƙungiyar GiveDirectly zuwa kanton 100 mafi talauci, da yawansu a arewa. Masu bincike na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley sun auna tasirinsa ta hanya biyu. Tambayoyin da aka yi wa mutane ta waya sun nuna ci gaba a wajen abinci da kwanciyar hankali. Da aka yi ƙoƙarin gano wannan ci gaba daga bayanan kiran waya ta hanyar kwamfuta, ba a samu irin wannan sakamako ba. Shiri ɗaya, ma'auni biyu, amsa biyu. Kuma duk hanyoyin biyu ba su ganin tsohuwar da ba ta da waya.

Tafiya tare ba haihuwa ba ce

Daga amsoshin tambayoyi masana kan duba ko abubuwa biyu suna hawa da sauka tare. Wannan hanya tana da amfani domin tana aiki a inda gwaji ya haramta, kuma takan nuna inda ya kamata a haƙa. A nan ne kuma kanun labarai suka fi yin tuntuɓe.

A arewacin Togo, kamar sauran ƙasashen Sahel, sanƙarau ya fi tsanani a watannin zafi da ƙura, lokacin da mangwaro ke cika kasuwa. Wanda ya ƙirga zai ga lambobin biyu suna hawa tare, amma mangwaro ba ya kawo sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, rani kuma shi ne ya haɗa su a kalanda ɗaya. Haka abin yake idan aka ce matasan da suka fi daɗewa a kan waya sun fi damuwa. Mai yiwuwa wayar ce ke kawo damuwar. Mai yiwuwa mai damuwa ne ke fakewa a waya. Mai yiwuwa kuma rashin aikin yi ne ya haifi duka biyun. Talauci da ciwon damuwa ma suna jan juna ta fuska biyu: rashi yana karya zuciya, karyayyar zuciya kuma tana hana fita nema. Lissafin alaƙa shi kaɗai ba ya nuna wanda ya riga wani.

Zuba ido

Gani ya kori ji. A wannan hanya mai bincike yana zama ya kalli abin da mutane ke yi a inda suka saba, maimakon ya dogara da abin da suka ce suna yi. Babban nazarin shaƙuwar jariri da uwa a Afirka ya samo tushe. A 1954 da 1955 Mary Ainsworth ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta Uganda, tana rubuta yadda jariri ke rarrafe ya yi nisa, ya waiwayo, ya dawo jikin uwarsa idan ya tsorata.

An yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa. Nazarin da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 ya bi jarirai 18 a gidaje masu mata da yawa a arewacin Najeriya, ya gano cewa jariri kan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, ko da yake akwai wadda ya fi gudu wurinta, yawanci wadda ta fi ɗaukarsa. Wannan ya gyara tunanin da aka ɗauko daga gidajen Turai na uwa ɗaya da ɗa ɗaya.

Rauninta biyu ne manya. Mutum yakan gyara zama idan ya san ana kallonsa, kuma gidan da baƙo ke ciki ba shi ne gidan jiya ba. Sannan ido yana zuwa da al'adarsa. Baƙon da bai san kunyar ɗan fari ba zai ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi gaban mutane, ya rubuta cewa ba ta ƙaunarsa. Maganin da ake yi shi ne a daɗe har a daina zama baƙo, a kuma sa mutum biyu su kalli abu ɗaya kowa ya rubuta nasa, sannan a gwada.

Mutum ɗaya, bincike mai zurfi

Wani lokaci mutum guda yakan koyar da abin da dubu ba za su koyar ba. A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata a ƙwaƙwalwa don maganin farfaɗiya, aka cire wani sashe daga kowane gefe. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon abu ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi ɗazu baƙo ne a wurinsa. Brenda Milner da wasu masana sun yi shekaru suna nazarinsa har rasuwarsa a 2008, kuma daga gare shi aka fahimci cewa ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa yana da wurinsa na musamman.

Hira mai zurfi 'yar'uwar wannan hanya ce. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a ƙasar Zazzau, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba, ta rubuta tarihin rayuwarta, wanda ya fito a matsayin littafin Baba of Karo a 1954. Abin da ta bayyana game da aure, kishi, ƙawance da bori, babu takardar i ko a'a da za ta iya ɗaukarsa. A yau ma, mai son sanin abin da "firgici" ke nufi ga wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa, sai ya zauna ya saurara kafin ya rubuta tambaya ko ɗaya.

Sai dai Baba mace ɗaya ce, mai tuna abubuwan da suka wuce da shekaru hamsin, tana kuma zaɓen abin da za ta faɗa wa baƙuwa. Labarin mutum ɗaya yana nuna cewa abu yana iya faruwa. Ba ya nuna ga mutum nawa yake faruwa.

Ma'aunin da aka ƙera a wata ƙasa

A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni, ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Gwaje-gwajen basira da na ɗabi'a da ke yawo a duniya a kan waɗannan mutane aka daidaita su.

A Laberiya, cikin shekarun 1960, Michael Cole, John Gay da Joseph Glick sun ba manoman Kpelle kayayyaki su kasa kashi-kashi. A ƙa'idar gwajin, mai basira zai ware abinci gefe ɗaya, kayan aiki gefe ɗaya. Manoman suka haɗa wuƙa da lemu, fartanya da dankali, domin da wannan ake yanka wancan, da wancan ake haƙo wannan. Glick ya ba da labarin cewa da aka tambaye su yadda wawa zai kasa kayan, sai suka jera su daidai yadda masu gwajin ke so tun farko.

Wani lokacin kuma sakamakon yakan juya ta ɗaya gefen. Akwai sanannen gwajin haƙuri, inda ake ajiye wa yaro abin daɗi a ce in ya jira zai samu biyu. Da Bettina Lamm da abokan aikinta suka yi shi da yara 'yan shekara huɗu, kusan kashi 70 cikin ɗari na 'ya'yan manoman Nso a Kamaru sun jira minti goman, a Jamus kuwa ƙasa da kashi 30 ne suka iya. Gwajin bai auna wata baiwa da aka haifi yaro da ita kaɗai ba, ya auna har da tarbiyyar gidan da ya tashi.

Bin sawu da maimaitawa

Hoto ɗaya ba ya nuna inda mutum ya dosa. Shi ya sa ake bin mutane ɗaya na tsawon shekaru. Masu binciken Lome sun koma wurin mutanensu bayan shekara bakwai. A jimlace ribar waɗanda suka samu horon halayya ta fi ta 'yan kwatance da kimanin dalar Amurka 91 a wata, abin da ya zarce na shekara biyun farko. Amma da aka raba maza da mata sai hoton ya sauya. Amfanin maza ya ci gaba da girma suna tara jari, na mata kuwa ya tsaya ko ya ragu. Da an rufe littafi a 2016, da ba a san wannan ba, alhali a nan babbar tambayar take ga mai tsara shiri don matan kasuwar Sokode.

Bin sawu yana cin kuɗi da lokaci, kuma mutane suna ɓacewa. Wani ya tafi Gana, wani ya rufe shago, wani ya rasu. Idan waɗanda suka karye ne suka fi ɓacewa, sauran za su sa shirin ya yi kyau fiye da yadda yake. A yankin da mutane ke ƙaura saboda rashin tsaro wannan matsala takan ninka.

Bincike ɗaya kuma, komai kyansa, shaida ɗaya ne. A 2015 masana 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek sun sake yin gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallu. A asali 97 daga ciki sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka maimaita, kusan 36 ne suka sake ba da irin wannan sakamako. Daga cikin dalilan akwai ƙarancin mutanen da aka gwada, da kuma son mujallu na buga abin mamaki su bar wanda bai gano komai ba a aljihun tebur. Tun daga nan masu bincike da yawa suke rubuta abin da za su auna a bainar jama'a kafin su fara, don kada a sauya tambaya bayan an ga amsa.

Haƙƙin wanda ake tambaya

Kowace hanya aka bi, mutum ake taɓawa. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan yayin annobar sanƙarau, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Gwajin magani ne, ba na halayya ba, amma raunin da ya bari a amana ya shafi kowane mai bincike, har aka riƙa ambatonsa lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003.

Ƙa'idar a yau a bayyane take. Dole a gaya wa mutum, da harshen da yake ji, wa ke binciken da abin da za a yi da amsarsa. Yana da ikon ya ƙi, ko ya tsaya a tsakiya, ba tare da ya rasa tallafin da yake karɓa ba. Sunansa ba zai fita ba. Izinin mai unguwa ko na maigida ba ya maye gurbin yardar wadda ake tambaya. Wanda kuma ya sa mutum ya tuno daren da aka kai wa ƙauyensu hari, wajibi ne ya san inda zai tura shi idan hankalinsa ya tashi.

Abin da mai karatu zai tambaya

Idan rahoto ya ce bincike ya nuna, tambayoyi kaɗan sun isa a gane nauyinsa. Su wa aka tambaya, su nawa ne, kuma yaya aka zaɓe su? A wane gari, da wane harshe? Akwai rukunin kwatance, kuma ƙuri'a ce ta raba su? Bayan wata nawa aka auna? An sake yi a wani wuri an samu daidai? Wa ya biya kuɗin aikin? Rahoton da ya ce shiri ya rage damuwa alhali waɗanda suka shiga kawai aka tambaya, ranar rufe taro, gaban wanda ya raba musu kuɗin mota, ya faɗi abin da hanyarsa ba ta kai ba.

Aiki mai inganci yakan haɗa hanyoyin a jere. A fara da zama da saurare don a san kalmomin mutane, a gina tambayoyi da su, a auna yawan matsalar, a gwada magani da ƙuri'a, sannan a dawo bayan shekaru. Matakin farko shi ne wanda baƙo ba zai iya shi kaɗai ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Jami'ar Kara, wadda ta buɗe a 2004, tana kan babbar hanya tsakanin Sokode da Dapaong, kuma tana da ɗalibai da suka tashi da Tem, Moba, Kabiye, Fulatanci da Hausa a bakinsu. Idan aka sa su tun wajen tsara tambaya da fassara sakamako, ba wajen tafinta a ƙofar gida kawai ba, rahoton da zai fito game da arewacin Togo zai fi kama da mutanen da yake magana a kansu.